Ayabar Fansar Asih

Ni mutum ne mai tsince-tsince. Duk ƙauyenmu an san haka, har yara kan ce idan Mbah Sarju, wato Kaka Sarju, ni ke nan, yana tafiya kada a gaishe shi, kansa na ƙasa yana gaisawa da tsakuwa. A kan katakon ɗakina akwai kwakwa marar ido, da busasshiyar tsaka mai jela biyu, da wani dutse da nake ganin fuskar mutum a jikinsa, sauran jama'a kuma suna ganin dutse. Makaranta a aji uku na baro ta, ranar da malami ya jefo mini tambayar lissafi ni kuma ina kallon tururuwa suna jan fiffiken fara. Amma cikin duk abin da na taɓa tsinta, ɗaya ne yake numfashi. Sunanta Asih.

'Yar Wardoyo ce, ɗan yayata Painem, mai shagon walda a bakin titi. Ɗakina yana bayan gidansu. An haife ta Lahadi Wage, wato Lahadin da ta faɗo a ranar kasuwar Wage, wadda ke zagayowa duk bayan mako biyar. Shi ma ubanta Lahadi Wage aka haife shi. Tsofaffi sun ce uba da ɗa masu rana ɗaya sai ɗayansu ya danne ɗaya. Maganin kuwa kowa ya san shi: a kai jaririn mararraba a yar, wani da aka shirya da shi ya tsinta, washegari iyaye su je su fanshi abinsu da ɗan abu kaɗan. Shi ke nan, ɗa ya sake shiga gida ta sabuwar ƙofa.

Wa za a sa tsintuwa in ba ni ba? Na laɓe a bayan rimi, suka ajiye ta a kan faifai, na fito ina waige-waige kamar gaske, na ce wa ya yar da ɗa. Aka yanka fansarta nonon ayaba ɗaya. Da yamma uwarta Lastri ta zo ta karɓe ta aro don ta sha mama. Washegari ba wanda ya zo da ayaba. A makon ne Wardoyo ya samu aikin ƙofofin wani babban gida, sai Painem ta ce, "Kun gani? Tun da aka yar da ita hanya ta buɗe. Kada a yi garaje."

Yanzu shekararta bakwai. Faifan yana rataye a bangona.

Duk Lahadi Wage, tun da sassafe sai in ji motsi a ƙofa. Asih ce, da kwanonta a hannu, don ranar ba a barin ta ta wuni gida ɗaya da ubanta.

"Mbah, an kawo ajiya."

"Ajiyar da ke cinye mini rogo? A mayar."

"Ba a mayarwa sai rana ta faɗi. Ka ƙara tsinto wani shirmen?"

"Ba shirme ba ne, ƙahon ƙwaro ne."

"Ƙaya ce, Mbah."

Da farko abin bai dame ni ba. In faɗi gaskiya, daɗi nake ji, don ita kaɗai ce a duniya take tsayawa ta dubi dutsen nan har ta ce ta ga hancin. Amma ranar ba ta tsaya a inda aka ajiye ta ba. Painem ta tuna cewa ranarmu daga faɗuwar rana take farawa, sai aka fara turo ta tun yammacin Asabar. Sannan wata Alhamis tartsatsin walda ya ƙone Wardoyo a wuyan hannu. Aka bincika aka gano da safen Asih ce ta miƙa masa hular kwanonsa. Daga nan aka hana ta taɓa kayansa. Daga kayansa aka koma hannunsa.

Kullum da safe ina zaune a kan kututture ina shan kofi nake ganin abin. Ƙanenta Danang zai kama hannun uban ya kai goshinsa, kamar yadda kowane yaro ke yi kafin ya tafi makaranta. Asih kuwa tana can bakin ƙofa da jaka a baya, sai ta sunkuyar da kai daga nesa. Wardoyo ya ɗaga mata haɓa ya tayar da babur.

Da wani mai aiki ya fasa ba shi kwangila, aka ɗauke kwanonta daga tabarmar cin abinci aka mayar ɗakin girki. Da ciwon ƙafar Painem ya tashi, aka mayar da shimfiɗarta can ma, kusa da buhun shinkafa. Ba a dukanta. Wannan nake so a gane, don shi suke faɗa wa duk wanda ya yi magana. Ba a taɓa dukanta ba, ba a ma taɓa ta.

Na sami Lastri tana shanya, na yi mata magana. Ta ce, "Mbah, ni me zan yi? Gidan uwar miji nake. In na buɗe baki a ce ina son mijina ya mutu."

Na sami Wardoyo a shago. Ya ɗage gilashin walda ya ce, "Kawu, ai don ita nake yi. Ba a san wanda zai danne wani ba. In na riƙe ta wani abu ya same ta fa? Kuma me ta rasa? Tana ci, tana makaranta."

Na sami Painem tana tsintar shinkafa. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Sarju, kai da ko kaza ba ka taɓa renon ta ta yi ƙwai ba, kai za ka koya mini riƙon jika?"

"Yaya, ayaba ce fa kawai."

"Za a kawo. Ana duba rana."

Na koma ɗaki ina ta shirya amsar da ya kamata in ba ta. Ta fito da kyau ƙwarai, sai dai bayan kwana biyu, kuma tsakar nan mai jela biyu kaɗai ta ji ta.

Da damina ta kankama, rufin ajin su Asih ya fara yoyo har sai sun ja bencinsu gefe. Iyayen yara suka yi taro suka ce a yi tattakin gayya: a sayar da tikiti, ranar a zagaya ƙauye da ƙafa, kowane yaro riƙe da hannun mahaifinsa, a dawo fili a zaro lambobi a raba kyaututtuka, abin da ya rage a sayi kwanon rufi. Akwai keke, akwai fanka, akwai ɗan akuya. Malamarsu Bu Endang ta ce duk wanda ya fi kowa sayar da tikiti shi zai riƙe tuta a gaba, shi da babansa.

Asih ta zo mini da gudu ba ta ko cire takalmi ba.

"Mbah, Malama ta ce dole ne a riƙe hannu. Dokar makaranta ce."

"To."

"Dokar makaranta ai ta fi ta Mbah Painem, ko?"

Na ce ta fi. Ban san inda na samo wannan fatawar ba.

Ta tsaya daga bakin ƙofa ta gaya wa ubanta. Yana daddanna waya ya ce, "To, Allah ya kai mu." Ita kuma ta ɗauki wannan ta ƙulle a matsayin alkawari.

Daga nan kullum ana tashi daga makaranta sai ta ɗaura leda a ka ta shiga gari. Ta bi gidajen unguwarmu, ta bi masu shaguna, ta bi masu babur a tasha, ta je har kasuwa wurin matan da ke sayar da kifi. Ruwa ya dake ta yau, ya dake ta gobe. Ta fara tari. Lastri ta dafa mata citta. Painem ta ce tarin ma shaida ne, ranar ce ke aikinta, a ƙara nisanta ta da uban. Tarin ya sauka ƙirji, idanunta suka faɗa, amma ba ta fasa fita ba.

Da ya rage saura kaɗan ta wuce ɗan mai kantin siminti, wanda ubansa ke saye masa da kansa, sai na cire zobena na kai kasuwa. Dutsen zoben akwai wani ɗan ƙwaro a cikinsa, na yi shekaru ina gaya wa mutane ya girmi kakan kakana. Mai saye ya duba ya ce roba ce, amma zai karɓi azurfar. Na saye ragowar tikitin na cusa a aljihu.

Da yamma takan zo mu gwada tafiyar. Ta riƙe sandar tsintsiya a matsayin tuta, ta kama hannuna, mu zagaya bishiyar gwanda.

"Kada ka tsaya kallon ƙasa, Mbah. Baba ba ya tsayawa."

"To ranki ya daɗe."

Muka yi zagaye ɗaya. Sai ta juya tafina tana dubawa.

"Hannun Baba ya fi naka kauri, ko?"

Na ce ya fi. Ta gyara riƙonta, ta buɗe yatsu kaɗan, don ta saba.

Ni da nake iya gaya maka ranar da tururuwa za su tashi daga rami, ban taɓa tunanin in dubi ranar da aka sa wa tattakin nan ba. Painem ce ta duba. Lahadi Wage ce. Kuma a ranar ne Danang ke cika shekara biyar, an riga an gayyaci unguwa walima da la'asar.

Yammacin Asabar aka turo ta da kwanonta, da kayan makarantarta a goge a ninke. Lastri ce ta rako ta, ba ta yarda mun haɗa ido ba.

"An ce ta zauna nan har jibi. Babanta zai raka Danang, shi ma 'yan ajinsu za su yi tattakin."

Asih ta ce, "Mama, ni ce ta ɗaya fa."

"Na sani, Nduk, 'yata. Wata shekarar."

Da safe na farka na same ta zaune a bakin tabarma, ta sa kayan makaranta, ta taje kai, jikinta da zafi kamar tukunya. Muna jin lasifikar makaranta daga nesa. Na ce a raina an ce kada ta shiga gida, ba a ce kada ta taka titin gwamnati ba. Na ji kaina wani babban lauya. Na sa silifa muka fita.

Kafin mu isa an riga an tashi. Bu Endang ta yi ta kiran sunanta a lasifika, da ba a amsa ba aka ba ɗan mai siminti tutar. Muka bi wutsiyar layi, bayan masu gangar makaranta da kakannin da ke jan ƙafa. A kwanar gonar rake layin ya lanƙwaso, sai ga Wardoyo a ɗaya gefen, ya ɗora Danang a wuya. Danang ya hango mu ya hau ɗaga hannu. Wardoyo ya dubo, ya ga 'yarsa, ya mayar da fuskarsa wajen raken kamar yau ya fara ganin rake.

Na ji yatsun Asih sun matse, sun dawo daidai girman hannuna.

A fili aka zaro lambobi. Na ci fanka. Ɗakina ba wuta. Jama'a suka yi ta tafi suna cewa Mbah Sarju ya ƙara tsintuwa, na rungumo fankar a hannu ɗaya, yarinya mai zazzaɓi a ɗaya, muka dawo.

Tana kwance nake kallon faifan nan a bango, sai dabara ta faɗo mini. Na ga abin tiryan-tiryan a idona: zan shiga gaban jama'a, in yi magana biyu, Wardoyo ya fashe da kuka, ya rungume ta, Painem ta ce Sarju ashe kai ne mai hankalin gidanmu. Har na ga inda zan tsaya in karɓi godiya. Na sa rigata ta zuwa ɗaurin aure, na kakkaɓe faifan, na ce Nduk tashi mu je biki.

An cika tsakar gida da balan-balan. Yara sun zauna a tabarma da hulunan takarda, an ɗauko wani mutum ya sa kayan zomo yana musu rawa. A tsakiya ga tumpeng, tulin shinkafa rawaya mai tsini, kewaye da ƙwai da kaza. Gefensa kuma ayaba ce nono-nono, an jera har tebur ya cika. Wardoyo ya yanke kan tulin ya sa a faranti, wanda ake ba wanda aka fi girmamawa a wurin, yana shirin miƙa wa mai unguwa Pak Harjo.

Na ajiye faifan a ƙasa, na tsayar da Asih kusa da shi. Maganar da na shirya ta gudu ta bar ni. Abin da ya fito shi ne, "Jama'a, na yi tsintuwa."

Aka yi dariya. Wani ya ce, "Fankar ce? Mun gani."

"A mararraba na tsince ta, a kan wannan faifan. Da yawanku kuna nan aka yi. An ce gobe za a zo fansa. Ni dai na tsufa, ban san ko goben nan za ta same ni ba. Ga mai kaya, ga kaya, ga ayaba a tebur."

Dariyar ta tsaya. Mai kayan zomo ya cire kan zomon ya riƙe a hammata, wani dattijo ne mai furfura, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ko a wannan halin sai da na tsaya kallonsa.

Painem ta taso. "Sarju, ka fara shan ganyayen da kake tsintowa ne? Fitar da ita. Ka san yau wace rana ce."

Danang ya ce, "Yaya Asih, zo ki taya ni hura kyandir." Wata mata ta jawo shi ta zaunar.

Mai unguwa ya yi gyaran murya. "Wardoyo, ai abu ne mai sauƙi. Miƙa wa tsoho ayabarsa a wuce wurin."

Wardoyo ya dubi ayabar. Na rantse ya dube ta, har hannunsa na hagu ya motsa. Sannan ya dubi uwarsa, ya dubi tabon ƙunar da ke wuyan hannunsa.

"Kawu, ba yau ba. Yau ranar ba ta da kyau."

"Gobe fa?"

"Za a duba rana."

Ya miƙa wa mai unguwa farantin. Mai unguwa ya karɓa, don ba a mayar da irin wannan. Wani ya kunna waƙa.

Na ɗauki faifaina. Na ce, "To aron ya ƙare. Abin tsintuwa yana wurin wanda ya tsinta, har mai shi ya zo." Ban tabbata an ji ni ba, don waƙar ta fi ni murya. Wannan ita ce godiyar da na sa rigar ɗaurin aure don in karɓa.

Ba wanda ya biyo mu. Kafin magariba Lastri ta leƙo da ƙunshin kayan yarinyar, da dafaffen ƙwai biyu a ɓoye cikin safa. Ta shafa goshin Asih, ta yi kuka ba sauti, aka ƙwala mata kira daga gida ta koma. Washegari na goya Asih zuwa asibitin ƙauye. Ma'aikaciyar ta saurari ƙirjinta ta ce me muke jira tun tuni, ta tambayi ina uban. Na ce ana duba rana. Ba ta gane ba, ni ma ban yi bayani ba. Fankar na sayar na sayi magani. Katakon kayan mamakina na sauke na yi mata gado da shi. Kwakwar da tsakar suna cikin kwali, dutsen kuma yana tare ƙofa, aikin da ya kamace shi tun farko.

A hanyar dawowa daga asibitin, tana bayana, ta ce, "Mbah, nono nawa aka ce?"

"Ɗaya."

"Babba?"

"Ba a faɗa ba."

Muka wuce masallaci. Sannan ta ce, "Akwai da yawa a teburin."

Ni ba mai ilimi ba ne, ba zan ce tsofaffinmu ƙarya suka yi ba. Amma su da suka ce a yar, sun ce a fansa, kuma washegari suka ce. Rabin al'adar da ke cire maka nauyi an riƙe shi da hannu biyu, rabin da ke mayar maka da shi ana duba masa rana. Na ga an duba rana an sayi babur, an duba an kafa harsashi, an duba an yi wa Danang kaciya, duk an samu. Kuma ba gidan yayata kaɗai ba ne. Ku leƙa ɗakunan girkin unguwarku. Akwai yaron da aka ɗora wa karyewar ciniki, akwai wadda aka ɗora wa ciwon ƙafa, duk ana ba su abinci, ba a dukansu, kuma in ka tambaya don su ake yi.

Da ta warke, wata rana na dawo daga yawona na same ta a bayan ɗaki tana haƙa rami da murfin gwangwani. Ta roƙo ɗan ayaba a wurin maƙwabta.

"Wannan fa?"

"In ta yi 'ya'ya sai in ajiye wa Baba a kan babur. Ba sai na taɓa shi ba. Shi kuma ya kawo maka." Ta danna ƙasa da tafinta. "Ka riƙa ba ta ruwa in ina makaranta. Kada ka tsaya kallon tururuwa."

Ina ba ta ruwa. Ta wuce tsayina yanzu, jiya na ga jan furen ya leƙo daga samanta. Duk rayuwata ina addu'ar in ga itacen da ya saɓa wa sauran itatuwa. Wannan dai ayaba ce kamar kowace ayaba, za ta yi 'ya'ya a kan lokacinta, kuma kullum da safe Asih sai ta fita ta duba.